Muhammadu Kanta: Sarkin Kabi da ya gagari Songhai da Borno

Yamma da birnin Sakkwato, a cikin ƙaramar hukumar Binji, akwai wani makeken kango da itatuwa suka cinye, wanda har yanzu ragowar ganuwarsa ta dutse ke tsaye. Wannan shi ne Surame, babban birnin Muhammadu Kanta, mutumin da ya kafa daular Kabi kimanin shekaru 500 da suka wuce.

Kanta ya yi zamani ne a lokacin da manyan dauloli biyu suka sa ƙasar Hausa a tsakiya, wato Songhai daga yamma da Borno daga gabas. Ya yi yaƙi da dukansu biyu, kuma babu wadda ta iya mallakar ƙasarsa.

Sai dai duk mai son sanin tarihinsa, tilas ya yi haƙuri da abu guda. Labaran Kanta sun zo ne ta hanyoyi uku da ba kullum suke haɗuwa ba: abin da malaman Timbuktu suka rubuta, da abin da Muhammadu Bello ya rubuta a Sakkwato, da kuma abin da Kabawa suka riƙe a ka suna gadar wa 'ya'yansu.

Asalinsa

A ruwayar Kabawa, mahaifin Kanta wani ne da ake kira Makata, wanda ya zauna a Kuyambana, mahaifiyarsa kuwa Tamatu, 'yar Sarkin Katsina. Kuyambana a wancan zamani tana cikin ƙasar Katsina ne, yanzu kuwa tana cikin jihar Zamfara, inda aka fi jin sunan a dalilin dajin da ke wurin.

Aka ce bayan rasuwar mahaifinsa an hana shi gadon sarauta, sai ya yi fushi ya bar gari, ya shiga daji yana kiwo tare da Fulani. A can ya yi suna a dambe da kokawa, har ya rasa abokin karawa, samari masu ji da ƙarfi suka dinga taruwa a bayansa suna binsa daga wannan gari zuwa wancan. Da wannan ayari ya nausa yamma har ya iso kwarin Gulbin Rima.

Muhammadu Bello kuwa, a cikin littafinsa Infaƙul Maisur da ya kammala a shekara ta 1812, ya kawo cewa ana faɗin Kanta bawan Fulani ne da ya yi ƙarfi ya ci garuruwa. Kabawa ba su yarda da wannan ba, kuma ba abin mamaki ba ne, domin an rubuta littafin ne shekaru bakwai kacal bayan da dakarun jihadi suka ci Birnin Kabi, lokacin da takobi bai koma kube ba tsakanin ɓangarorin biyu.

Amma in an lura, ruwayoyin biyu sun yi tarayya a wuri guda. Dukansu sun nuna cewa Kanta ya yi ƙuruciya a cikin makiyaya, kuma ba a kan gadon sarauta ya tarar da mulki ba, da ƙarfin damtsensa ya samo shi.

Rigimar ganima

Wurin da Kanta ya fara bayyana a rubuce shi ne littafin Tarikhus Sudan, na Abdurrahman as-Sa'adi, malamin Timbuktu da ya yi rubutu a tsakiyar ƙarni na 17. A nan an ambace shi a matsayin mai mulkin Leka, wani gari a kwarin Rima, wanda daga sunansa ne zuriyar sarautar Kabi ta samo sunanta na Lekawa.

A lokacin, Askiya Muhammadu ne ke kan gadon Songhai. Ya karɓi mulki a 1493, ya yi aikin hajjin da ya yi suna ƙwarai, ya dawo yana faɗaɗa daularsa ta kowace fuska. A tsakanin 1515 da 1516 ya kai yaƙi Agadas, kuma Kanta da mutanensa na cikin rundunar.

Aka ci nasara, aka kwaso ganima mai yawa, aka kamo hanyar gida. Kanta ya zuba ido a ba shi rabonsa, shiru. Da ya tuntuɓi Dendi-fari, wato hakimin Askiya mai kula da lardin Dendi, sai aka nuna masa cewa neman rabo daga hannun Askiya daidai yake da tawaye. Mutanen Kanta suka ƙi haƙura, aka gwabza, kuma daga ranar Kabi ta fita daga hannun Songhai.

A 1517 Askiya ya aiko da runduna don ta ladabtar da shi, ta koma ba ta yi komai ba.

Yana da kyau a tsaya a nan a duba dalilin da ya sa ƙaramar ƙasa ta iya tsaya wa daular da ta miƙe tun daga kusa da kogin Senegal har zuwa Azbin. Ƙarfin Songhai a kan dawaki yake da kuma jiragen ruwan da ke bin kogin Kwara. Ƙasar Kabi kuwa fadama ce mai faɗi, wadda ruwa ke malalewa a cikinta watanni da dama a shekara, ga laka ga tafkuna ga tsibirai. Doki ba ya sukuwa a cikin taɓo, Kabawa kuwa masunta ne da manoman shinkafa da suka san kowace mashiga. Ga kuma nisa, domin kafin rundunar da ta taso daga Gao ta iso, ta riga ta gaji, guzurinta ya yi ƙasa.

Wannan darasi bai shiga kunnen magadan Askiya ba. Askiya Muhammadu Bunkan, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537, ya jagoranci yaƙi da kansa, aka haɗu a wani wuri da ake kira Wantarmasa, inda Kabawa suka yi masa mummunan kaye, ya tsira da ƙyar ta cikin fadama. As-Sa'adi ya ruwaito cewa abin da ya fi damun wannan Askiya ba kayen ba ne, a'a, tsegumin da ya san mutanen Timbuktu za su zauna su yi a kansa a bayan masallacin Sankore.

An sake samun saɓani a zamanin Askiya Dawuda, amma a wajajen 1553 aka ƙulla sulhu. Daga nan Songhai ta saki hannu.

Ganuwar Surame

Garuruwa uku ake dangantawa da Kanta: Leka, da Gungu, da kuma Surame wadda ta zama fadarsa. Abin da ya bambanta Surame da sauran biranen ƙasar Hausa shi ne kayan gininta. Ganuwar Kano da ta Katsina da ta Zariya duk da jar ƙasa aka yi su, ta Surame kuwa an jera duwatsu ne aka haɗa da laka, kuma ba zagaye ɗaya ba ce. Filin da kangon ya mamaye ya kai kimanin murabba'in kilomita 9.

Aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai da dubban hannaye, kuma a nan ne labaran baka suka fi yawa. Aka ce Kanta ya rarraba ganuwar ne ga ƙasashen da ke biya masa gandu, kowace ƙasa da sashenta. Nufawa suka makara, sai ya yanke musu hukuncin cewa ba za su kwaɓa ƙasarsu da ruwa ba, sai da man kaɗanya. Har yau masu nuna wa baƙi wurin kan ce sashen Nufawa ya fi sauran ƙarfi.

Azbinawa kuwa, aka ce an ɗora musu ɗauko ruwa a kan raƙuma tun daga ƙasarsu, su kawo Surame, tare da rairayin da za a zuba a bargar dokin sarki. Wannan a birnin da ke bakin gulbi ne, inda ruwa ba abin nema ba ne. Ke nan ba ƙishirwa labarin ke nunawa ba, iko yake nunawa, wato sarkin da zai sa ka yi wahalar da shi kansa ba ya buƙata, don kawai ka san wanda ke sama da kai.

Akwai kuma labarin jirgin ruwansa da aka ce an lulluɓe da tagulla, wanda matuƙa da yawa ke tuƙawa, yana zagaya garuruwansa a cikinsa idan gulbi ya kawo.

Ko mutum ya gaskata waɗannan labarai ko bai gaskata ba, duwatsun dai suna nan. Shi kansa Bello, wanda gidansu ya yi yaƙi da jikokin Kanta, ya yaba girman kangayen da Kabawa suka bari, ya kuma nuna cewa a cikin ƙasashen wannan yanki ba a yi daular da ta kai tasu ƙarfi ba. Shaidar abokin gaba ce, shi ya sa take da nauyi.

Ina iyakar daularsa?

A nan ma akwai abin dubawa. Bello ya lissafa Katsina da Kano da Gobir da Zazzau da Azbin da wani yanki na Songhai a cikin ƙasashen da Kanta ya ci. Kabawa kan ƙara da Zamfara da Yawuri da Nufe da Zabarma.

Amma littafin Tarihin Kano, wanda ya bi sarakunan birnin ɗaya bayan ɗaya, bai nuna cewa Kano ta taɓa zama a ƙarƙashin Kabi ba. Sarkin Kano na wancan lokaci shi ne Muhammadu Kisoki, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1565, kuma yadda littafin ya siffanta shi, sarki ne mai cin gashin kansa, wanda har ya kai hari Nguru a ƙasar Borno. Ana iya cewa marubutan fada ba sa son rubuta ranar da aka kayar da ubangidansu, kuma haka ne. Littafin ma bai ambaci mamayar Askiya ba, wadda Hasan al-Wazzan, matafiyin da Turawa ke kira Leo Africanus, ya ce ta faru.

Abin da ya fi kusa da hankali shi ne, daular Kanta ba irin wadda ake naɗa hakimi a kowane gari ba ce. Sarakuna na nan a kan gadajensu, sai dai wanda ya ji tsoro ya aiko da gandu, wanda ya ga sarari ya daina. A kusa da gida, wato Arewa da Adar da Zabarma da Dendi, ikon Kabi ya kafu sosai kuma ya daɗe. A nesa kuwa, iko ne da ke tafiya tare da rundunar sarki, ya kuma dawo tare da ita.

Duk da haka sunan ya yi nisa. Wani marubucin ƙasar Italiya mai suna Anania, wanda ya tattara labaran fatake a ƙarshen ƙarni na 16, ya ambaci yaƙe-yaƙen da Sarkin Borno ke yi da Sarkin Kabi. A wancan zamani, labarin wata ƙasa ta bakin Gulbin Rima na ƙetare hamada har ya kai gaɓar Bahar Rum.

Yaƙin Borno

Mafi shahara a cikin labaran Kanta shi ne na ƙarshensa. Yadda Bello ya kawo shi, Mai Ali na Borno ne ya taso da runduna mai yawa, ya bi ta arewa da Daura da Katsina, ya ratso ta gefen Gobir, ya faɗo ƙasar Kabi. Aka yi karo da safiyar ranar Salla. Kanta ya ga ba zai iya ba, ya janye zuwa yamma, ya bar birnin a hannun mayaƙansa. Barebari suka kewaye Surame, amma ganuwa ta gagara.

Kabawa na da nasu bayanin a kan yadda aka yi Barebari suka tashi. Aka ce da mutanen cikin birni suka ƙare, sai aka ɗauko gawarwakin mayaƙa aka jingina su a kan ganuwa, da bakuna a hannu, aka tsaga musu baki ta yadda daga nesa sai ka ce dariya suke yi. Barebari suka hango mutanen da aka yi kwanaki ana yi wa ruwan kibau amma har yanzu suna tsaye suna dariya, sai gwiwarsu ta yi sanyi, suka kwashe kayansu. Daga nan aka ce aka samo maganar nan ta dariya ba loto. Loto dai a Hausar Sakkwato da Kabi shi ne lokaci.

Da Kanta ya ji sun juya, sai ya tara jama'a ya bi sawunsu. Ya ratsa ƙasar Hausa gaba ɗaya har Nguru, wadda yanzu ke cikin jihar Yobe, inda aka ce an yi karo bakwai yana rinjaye, ya kwashi ganima.

A kan hanyarsa ta komawa ne ajali ya tare shi, kuma ba a hannun wata babbar daula ba. A wani wuri da ake kira Dugul cikin ƙasar Katsina, wasu da suka yi masa tawaye suka tare shi, aka harbe shi da kibiya. Ya ƙarasa Jirwa da raunin, a can ya cika. Mutanensa suka ɗauko gawarsa suka kawo Surame.

Labarin baka ya ƙara da cewa an haƙa kaburbura da yawa a wurare dabam-dabam, don kada maƙiya su gane ainihin inda aka sa shi.

Masu binciken tarihi na sanya rasuwarsa tsakanin 1554 da 1561, kuma ɗansa Ahmadu ne ya gaje shi. Sai dai lissafin na da ƙulli, domin a jerin sarakunan Borno, gajeren mulkin Mai Ali ɗan Idrisu ya ƙare shekaru da dama kafin 1554. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa wasu masana ke ganin cewa Kanta laƙabin sarauta ne, kuma labaran baka sun tattara ayyukan sarki fiye da ɗaya suka ɗora wa mutum guda.

Suna da hujja. Bayan da sojojin Maroko suka rusa Songhai a yaƙin Tondibi a 1591, Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya aika da wasiƙar gargaɗi ga mai mulkin Kabi na lokacin, yana zarginsa da taimaka wa ragowar 'yan gidan Askiya, kuma sunan da aka kira shi da shi a wasiƙar shi ne Kanta Dawuda. Wasiƙar ta kuma nuna wani abu, wato daular da ta hana Kanta rabon ganima ta faɗi, ga jikokinsa kuwa suna nan da ƙarfinsu har sarkin Marrakesh na ganin ya dace ya rubuta musu.

Bayan Kanta

Kabi ta ci gaba da zama babbar ƙasa har sama da shekaru 100 bayan rasuwarsa, kafin waɗanda ta danne su fara ɗaga kai. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ƙwace Adar. Gobir da Zamfara su ma suka taso mata. A farkon ƙarni na 18 aka bar Surame, Sarkin Kabi Tomo ya koma kudu maso yamma ya zauna a Birnin Kabi.

A 1805 dakarun jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Amma Lekawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Karari ya ci gaba da turjiya daga Argungu har aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame, wanda ya yi shekaru a tsare a Sakkwato, ya sake ɗaga tuta a 1849. Ban da 'yan shekarun zaman lafiyar da aka sani da Lafiyar Toga, haka aka yi ta fafatawa tsakanin Argungu da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa.

A cikin wannan dogon zamani ne sunan Kanta ya ƙara nauyi a wurin Kabawa. Mutanen da ke zaune a 'yar ƙaramar ƙasa, manyan maƙwabta sun kewaye su, suna da buƙatar tuna cewa kakansu ya taɓa tsaya wa Askiya da Mai na Borno. Ba mamaki a lokacin ne labaran suka ƙara kauri, aka ƙara wa jirgin tagulla matuƙa, aka ƙara wa daular faɗi.

Wani abin lura shi ne, ta hannun Sakkwato ne labarin Kanta ya fara shiga littattafan Ingilishi. Lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya ziyarci Sarkin Musulmi Bello a 1824, ya koma gida da wani yanki na Infaƙul Maisur, aka fassara shi aka buga a London a 1826, kuma labarin Kanta da Surame na ciki.

Gabar da ke tsakanin gidajen biyu ta zo ƙarshe a fili ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka shirya masa gagarumin su don girmamawa. Daga wannan ziyara ake lissafa farkon bikin kamun kifi na Argungu a yadda aka san shi yanzu, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016.

Tsohuwar fadar Argungu, wadda sarakuna suka zauna a ciki har 1942, an mayar da ita gidan adana kayan tarihi a 1958, aka kuma sa mata sunan Kanta. A can ake ajiye makamai da tambura da kayan su na Kabawa.

Shi kuwa Surame, gwamnatin Najeriya ta ayyana shi a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 1964, sannan a 2007 aka shigar da shi jerin share fage na wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su. Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato a 1991, sabuwar jihar ta ɗauki sunan daular Kanta, jikokinsa na sarauta a Argungu, amma iyaka ta bar birnin da ya gina da kuma inda aka ce an binne shi a ɓangaren Sakkwato.